Abu na Huɗu

"Ba zan je ba, ranki ya daɗe."

Shugaba tana tsaye a gaban allon ɗakin malamai da alli a hannu, ta riga ta rubuta rabin aikin a gaban sunana. Ta juyo tana duba wanda ya yi magana, kamar ba ta san muryata ba.

"Me kika ce, Malama?"

"Na ce ba zan raka yara gasar kacici-kacici ta ranar Asabar ba. A ba wani."

Malamin tarihi ya ajiye kofin shayinsa a hankali don kada ya yi ƙara. Maman 'Yan Biyu, malamar Turanci da muke zama tebur ɗaya, ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin teburin. Ban janye ƙafar ba, ban kuma janye maganar ba.

Shugaba ta ƙarasa rubutunta, ta ja layi a ƙarƙashi, ta kaɗe hannu.

"Ni ba tambayarki na yi ba. Rubutawa na yi." Ta fice.

A makarantarmu allon nan shi ne mai mulki. Sunayenmu ne jere a gefensa na hagu, mu ashirin da biyu. Duk aikin da ya taso, Shugaba takan rubuta shi a gaban sunan wanda ta ga dama. Idan ka gama, kai za ka goge da hannunka. Ranar Alhamis a wurin taro kuma, takan tsaya ta karanta abin da ya rage a gaban kowa, da ƙarfi, tana ja wa kowace kalma wutsiya. Ba ta zagi, ba ta faɗa. Karantawa kawai take yi, amma na ga magidanci mai gemu yana zufa saboda an karanta masa abu biyu.

Ni a ranar, abu goma sha ɗaya ne a gaban sunana, ban da gasar. Jadawalin jarrabawa. Makin gwajin azuzuwa uku. Rahoton kwamitin tsafta, wanda ban san ranar da na shiga cikinsa ba. Jerin littattafan da suka ɓace. Wasiƙun iyaye. Da sauransu. Layina ya kai ƙarshen allo ya lanƙwaso ƙasa, har malamin tarihi, wanda sunansa ke bin nawa, yakan ce, "Malama, kin shigo mini gona fa, zan fara karɓar haya." Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ina da saurin aiki, rubutuna yana da kyau, ba ni da miji, ba ni da goyo. A idon Shugaba, ni ce rumbun da ba ya cika.

Abin da allon bai sani ba, ina da sikila.

Ba wanda ya sani a makarantar. Ranar da na zo neman aiki ba a tambaye ni ba, ni kuma ban ga dalilin kai kaina ƙara ba. Na san fuskar da mutane ke yi idan sun ji. Tun ina ƙarama nake ganinta: kai ya ɗan karkace, murya ta yi laushi, a ce "Allah sarki". Da wannan fuskar aka hana ni gudu, aka hana ni shara, aka hana ni zama shugabar aji alhali ni ce ta ɗaya. Da ita wata ƙawar Umma ta tambaya, ina jinta, ko ya dace a wahalar da ni da jami'a. Na yi jami'ar, na fito da sakamakon da 'ya'yanta uku ba su haɗa ba. Na rantse ba zan ƙara ba wa kowa damar yi mini fuskar nan ba.

Bara ciwon ya kayar da ni a tsakiyar zango na biyu. Kwana goma sha tara a gadon asibiti, da ƙarin ruwa, da ƙarin jini, da allurar da ke sa bango ya riƙa iyo. Ciwon ƙashi ba ya kwatantuwa. Mafi kusa da shi, kamar a sa maka ƙafa a bakin ƙofa, wani ya riƙa rufewa yana buɗewa, ba ya gajiya. A makaranta na ce zazzaɓi ne ya yi tsanani. Da na dawo bayan mako biyar, na tarar yarana sun kwafe babin kusurwoyi gaba ɗaya daga allo, rubutu tsaf, amma ko ɗaya bai san me ya rubuta ba.

Yarana nake ce musu. Su talatin da takwas ne, na ɗauke su tun shekara biyu da suka wuce, lokacin da rabinsu ke ɓoye yatsu a ƙarƙashin benci suna ƙirga. Yanzu su ne ajin ƙarshe, saura wata huɗu su zauna babbar jarrabawa. Na yi wa kaina alkawarin bana ba zan rasa musu ko darasi ɗaya ba.

To ni malamar lissafi ce, ban yarda abu yana faruwa haka kawai ba. A gadon asibitin na sa Umma ta kawo mini littattafan da nake rubuta ayyukana na shekara huɗu. Na bi su rana rana, na zana jadawali a bayan takardar magani. Sau biyar ciwon ya kwantar da ni a shekarun nan. Sau biyar ɗin, makonnin da suka gabace shi cike suke da ranaku masu aiki shida, bakwai, tara. Biyu daga ciki kuma na wuni a cikin sanyi. Na nuna wa likita. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce shi ba zai iya rantsewa a kan lissafina ba, amma gajiya da sanyi da ƙishirwa ba abokaina ba ne, wannan kam ya sani.

Tun daga nan na kafa dokata. Abu uku a rana. Nakan yanka bangon tsoffin littattafan jarrabawa, in yi kati kamar tafin hannu, in ja layi uku. Kowace safiya in cika su. Koyarwa abu ɗaya ce. Duba littattafai arba'in abu ɗaya ne. Wanki abu ɗaya ne, zuwa asibiti karɓar magani abu ɗaya ne, ziyara abu ɗaya ce. Duk abin da ya zo bayan layi na uku, sai ya shiga babban littafi ya bi layi. Babu layi na huɗu a katina, da gangan nake yanka shi ƙarami don kada ya samu wuri.

Wata bakwai ke nan ban ga gadon asibiti ba. Gasar nan ta Asabar kuwa na santa. Tafiyar awa biyu a mota, wuni a tsaye, a zauren da ake sakin na'urar sanyi kamar ana ajiyar kifi.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi, Maman 'Yan Biyu ta jawo kujerarta kusa da tawa. Ita kaɗai ce ƙawata a wurin. Flas ɗaya muke sha, ita ke kawo shayi, ni ke kawo sukari. Ta girme ni da shekara tara, tana da yara huɗu da dariyar da ake ji daga bakin ƙofar makaranta. Farfesa take ce mini.

"Farfesa, yau aljanunki ne suka tashi? Wa ya taɓa ce wa matar nan a'a?"

"Yau an fara."

"Ke dai je ki ba ta haƙuri. Ki ce bakinki ne ya suɓuce. Asabar ɗaya ce fa, za a ba ku lemo da biskit, ki dawo mana da labari."

"Katina ya cika."

Ta fizge katin daga hannuna ta karanta da murya irin ta Shugaba. "Aji. Maki. Jadawali." Ta juya bayansa. "Ga fili nan fetal a baya, ki rubuta mana. Ni da zan yi kati, sai dai a yanko mini ƙofar gida. Kin san abin da na yi kafin ƙarfe bakwai yau? Wanka huɗu, na nemo takalmi ɗaya a cikin tukunya, na raba dambe biyu."

Na yi dariya, don ba a iya ƙin yi mata dariya. Saura kaɗan in faɗa mata maganar ciwona. Da na faɗa mata a lokacin, watakila da labarin nan ya bi wata hanya. Amma na dubi fuskarta mai walwala, na tuna yadda za ta karkace, sai na karɓe katina na sa a jaka.

"Ba zan je ba, Maman 'Yan Biyu."

"To, Allah ya ba da sa'a. Kanki dai kamar dutsen niƙa."

A gida ma akwai allo, sai dai shi ba a rubuta shi. A bakin Umma yake. Na shigo da la'asar na tarar tana ninke kaya a falo, ko jakata ban ajiye ba ta fara.

"Gwaggonki ta yi waya sau uku. Mako biyu tana fama da ƙafa, kowa ya je sai ke. Yayanki kuma ya ce takardar nan da zai kai wurin aiki, ki duba masa ita yau. Ga labulen ɗakinki tun yaushe nake magana."

"Gwaggo tana ranar Lahadi. Yaya yana Talata."

"Ji mini yarinya. Gwaggon taki ce za a ba rana kamar mai ganin likita?"

"Umma, in na je yau, jadawalin jarrabawa zai koma gobe, gobe kuma da nata aikin."

Ta zauna a hannun kujera ta dube ni. Umma ce ta kwana goma sha tara a kan tabarma a gefen gadona, ta fi kowa sanin abin da nake gudu. Amma ita ma tana da 'yan'uwa, kuma ita ake yi wa gorin ta haifi mai girman kai.

"Su dangi sun san lalurarki, amma suna ganinki kina tafiya da ƙafarki, kina zuwa aiki. Ba su gane ba. Su kuwa na makaranta ko sani ba su yi ba. Ki faɗa musu mana, 'yar nan. Ciwo ba sata ba ne."

"In na faɗa, sun daina ganina. Ciwon za su riƙa gani."

"In ba ki faɗa ba fa, me suke gani?"

Na shiga ɗaki na cika gorar ruwana, na buɗe babban littafi na rubuta gasar Asabar a lamba ta arba'in da shida, sannan na ja mata layi na soke. Littafin nan ba ya raguwa. In na cire uku da safe, kafin yamma biyar sun shigo. Wani lokaci nakan buɗe shi kawai in zuba masa ido, ƙirjina ya yi nauyi kamar an ɗora mini buhu, in rufe. Katin ne ke sa in iya numfashi. Abu uku dai mutum zai iya kallonsu ido da ido.

Ranar Asabar na yi wanki, na shirya darasin mako, na kwanta. Ƙafata ta hagu tana ɗan yi mini magana, na sa mata ruwan ɗumi, ta yi shiru. Wayata ta yi ƙara sau biyu da safe, lambar Shugaba. Na kife ta.

Ranar Litinin na tarar an goge gasar daga gaban sunana. Na duba sama, na ganta a gaban sunan Maman 'Yan Biyu, an riga an ja mata alamar gamawa. Ita kuma tana zaune a teburinmu da mura, hancinta ja, tana duba littattafai. Flas ɗin yana cikin jakarta, ba ta fito da shi ba.

"Ina kwana, Maman 'Yan Biyu."

"Lafiya."

"Ke aka tura?"

"Da ƙarfe shida aka kira ni." Ba ta ɗago ba. "Na bar 'yan biyu wurin maƙwabciya, ɗaya da zazzaɓi. Mun dawo bayan magariba. Mun zo na biyu, in kina son sani. Tambayar lissafi ce ta kayar da mu, ni kuwa ina zaune kamar hoto."

"Ban san ke za a ba ba."

Sai a lokacin ta ɗago. "Farfesa, da kika ce a ba wani, wa kike tsammani? Akwai wani malami mai suna Wani a makarantar nan?"

Na fito da kwalbar sukari na ajiye a tsakiyar tebur, inda take zama kullum. Har aka tashi ba wanda ya taɓa ta.

Ranar Alhamis Shugaba ta karanta layina. Abu tara ya rage, don biyu kawai na samu na goge. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa tsakaninsu kamar mai jiran amin. Na zauna kaina a miƙe, ina kallon agogon bango. Wani ya yi tari, wata ta ce "ikon Allah" a hankali. Da ta gama ta ce in same ta a ofis.

Ofishin Shugaba yana da na'urar sanyi. Na tsaya daga bakin ƙofa inda iskar ba ta kai ba.

"Shigo ki zauna."

"Nan ma ya isa, ranki ya daɗe."

Ta cire tabarau ta murza idanu. Shugaba ba muguwa ba ce, kada a ce na ce. Shekara talatin tana koyarwa, ita ke fara zuwa, ita ke rufe ƙofa.

"Malama, bara ba haka kike ba. Komai na ba ki kafin in juya kin gama. Yanzu an ce kina yawo da wani kati kamar mai sayar da tikiti. Wani ya ɓata miki rai ne? Ko aiki kika samu a wani wuri?"

Na yi niyyar in ce babu komai. Amma maganar Umma ta tsaya mini, ga kuma jan hancin Maman 'Yan Biyu. Na buɗe jaka na ciro katin asibiti, ba na aiki ba, na taka cikin sanyin na ajiye mata a tebur.

"Sikila gare ni. Bara ba zazzaɓi ba ne. In na wuce abu uku a rana, ina kwanciya. Na gwada, na ƙirga. Ba na son in kwanta kafin yarana su yi jarrabawa. Shi ke nan."

Na ga fuskar tana zuwa. Kan ya karkace, kafaɗun suka sauka.

"Allah sarki. Haba 'yata, ai da kin faɗa tun farko."

Ta miƙe da kanta ta kashe na'urar, ta jawo mini kujera. Na zauna, don ƙin zama a lokacin zai zama rashin kunya. Ta tambaye ni magungunan da nake sha, ta ba ni labarin ɗan ƙanwarta da ya rasu yana shekara sha tara. Kowa yana da irin wannan labarin, kuma kowa ni yake ajiye wa shi. Sannan ta jawo takarda.

"To bari mu sauƙaƙa miki. Ɗakin karatu ba shi da mai kula tun da tsohon ya yi ritaya. Babu tsayuwa, babu hayaniya. Sai ki riƙa ɗaukar 'yan aji ɗaya sau biyu a mako. Ajin ƙarshe zan ba sabon malamin nan."

"A'a."

"Malama."

"Ajin nake so. Saboda shi na yi katin. Ki bar mini ajin, ki ɗauke sauran."

Ta ajiye alƙalami. "Kin san ajin ƙarshe ba darasi ba ne kawai. Daga wata mai zuwa akwai darasin asuba kafin a shiga aji, akwai na Asabar. Akwai rajistar jarrabawa, akwai taron iyaye, akwai gwaji duk mako da makinsa. Wannan kaɗai ya fi uku a rana. Ga na allo kuma, kowa yana ɗauka. In na bar miki darasi zalla, sauran wa zan ba? Maman 'Yan Biyu?"

Na dubi katin asibitin da ke kan teburinta.

"Ina da malamai ashirin da biyu. Ɗaya mijinta yana kwance shekara biyu. Ɗaya yana zuwa daga bayan gari da ƙafa. In kowa ya yanko mini kati, sai in rufe makarantar." Ta sassauta murya. "Ba kora ba ce. Zaɓi nake ba ki. In kin ce za ki iya kamar kowa, ki ajiye katin nan, ki riƙe ajinki da duk abin da ke tare da shi, ban hana ki ba, kin fi kowa iya shi. In ba haka ba, ga makullin ɗakin karatu. Ki faɗa mini gobe."

Ban kai gobe ba. A zaune a kujerar na yi lissafin, don ba mai wuya ba ne. In na ajiye katin, zan yi mako shida, in Allah ya taimaka takwas. Sannan in faɗi ana saura wata biyu, a lokacin da babu wanda zai iya ɗaukar aji daga tsakiya, a sake ba su allo su kwafa. In na riƙe katin, sabon malamin zai same su da wata huɗu cur a hannu. Bai kai ni ba, amma ba ya kwanciya. Ta kowace hanya na bi, amsar ba ta da ni a ciki.

Akwai kuma abin da ban sa a lissafin ba, amma yana nan. Ba na son komawa gadon nan. Ko don yara talatin da takwas, ba na so.

"Ba zan ajiye katin ba, ranki ya daɗe."

Ta dube ni, ta buɗe aljihun tebur, ta miƙo makullin.

Washegari na yi musu darasi na ƙarshe. Ban yi jawabi ba. Na gama babin da muke ciki, na ba su aikin gida, na ce daga Litinin sabon malami zai zo, su ba shi haɗin kai. Suka yi ta "Malama me ya faru, Malama ina za ki". Na ce ina nan cikin makaranta, ba mutuwa zan yi ba. Suka yi dariya. Na goge allo da kaina, na kwashe allina na fita.

Ɗakin karatu yana can ƙarshen gini, bayan ɗakin ajiyar kujeru. Taga biyu, kanta takwas, da warin tsohuwar takarda. Akwai ɗumi, wannan kam na yaba. Na yi mako uku ina jera littattafai bisa lamba, na gano talatin daga cikin waɗanda aka ce sun ɓace a bayan kanta. A makon farko yarana sukan leƙo lokacin tara da tambayoyi. Daga baya aka sa musu darasi a lokacin taran ma, sai ƙafa ta ɗauke.

Labari ya zaga, kamar yadda na sani zai zaga. Malamin tarihi ya daina yi mini wasan gona. In ya gan ni sai ya ce "ya jiki", ko da kuwa ina tafe da sauri na fi shi lafiya. An goge layina a allo gaba ɗaya, aka raba shi gida biyar. Sunana yana nan, gabansa wayam.

Maman 'Yan Biyu ta zo sau ɗaya. Ta tsaya a bakin ƙofa da kwalbar sukarina a hannu.

"Kin bar wannan."

"Na gode. Shigo mana."

"Ina da aji." Ta ajiye kwalbar a kan kanta. "Shekara uku muna shan kofi ɗaya, Farfesa. Na faɗa miki abin da ko ƙanwata ban faɗa wa ba. Ke kuwa sai a bakin masinja na ji naki. Da kin ce mini ba ki da lafiya, wallahi da gudu zan je gasar nan, in dawo in yi miki wanki."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Fuskarta ba ta karkace ba, wannan dole in yaba mata. Ta ce, "Allah ya ƙara lafiya," ta juya. Jadawalin jarrabawa da wasiƙun iyaye suna gaban sunanta yanzu. Muna gaisawa a hanya.

Ranar da suka zauna jarrabawar lissafi, ta tagar ɗakin karatu na gansu sun yi layi a bakin zaure, kowa da alƙalami biyu da abin zana da'ira. Sabon malamin yana bin layin yana dafa kafaɗunsu. Na tsaya har aka rufe ƙofa, sannan na koma na ci gaba da manna wa littattafai lamba. Sakamakon ya fito daga baya. Ba laifi. Da ni ce da ya fi haka, kuma na san yara shida da na san inda suka faɗi, da abin da zan ce musu da ba su faɗi ba.

Har yanzu ina yanka kati kowace safiya. Sai dai yanzu wata rana abu biyu nake samu, in zauna da alƙalami ina neman na uku. Jiya na rubuta "shan ruwa" don kada layin ya zauna fanko. Na je wurin Gwaggo sau biyu a watan nan, har ta fara tambaya ko an kore ni ne.

Wata goma sha huɗu ke nan ban kwanta asibiti ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yin irin wannan tsawon ba. Umma ta naɗe tabarmar jinya ta ɗora a kan kabad. Ban yi nadama ba, kuma in aka mayar da ni ofishin nan gobe, amsar da zan bayar ke nan.

Amma ba kyauta na samu ba. Na rasa ajin da na yi katin dominsa. Na rasa ƙawa ɗaya tak da nake da ita a wurin aiki. Fuskar da na yi shekaru ina gudu, yanzu ita ke gaishe ni kowace safiya daga bakin ƙofa har ƙarshen gini. Ina da lafiya, ina shan shayina ni kaɗai.